Shibra a Gonar Iri

Ku ƴan lakwal, ƴan makarantar boko, da aka turo mana hutun bana, na ji abin da kuka faɗa ran nan a gindin aduwa, kuna tsammanin ba na jin faransanci. Ɗayanku, mai agogon nan da ba ya tafiya, ya ce wai gwamnati tana ciyar da ƙaton banza don ya riƙa yawo cikin gona yana tuge ciyawa. Kuka bushe da dariya. To, lakwal ɗin nan ni ma na shiga, aka fid da ni tun ban kai ko'ina ba, don ubana ya rasu babu mai riƙe hauya. Abin da na samu ya isa in gane zagi, ya isa kuma in rubuta wannan. Ku karanta in kun ga dama.

Sunana Nomau. Aikina zaɓen irin hatsi, a gonar gwaji da ke bayan garin Tawa. Abin da kuka ga ina tugewa ba ciyawa ba ce, shibra ce.

Shibra ƴar'uwar hatsi ce, amma ta daji. Ba a shuka ta, da kanta take fitowa. Tana ƙarama ba ka bambanta ta da hatsi sai ka shafa ganyen ka ji gashi, ka duba gindin ka ga ƴaƴa sun yi yawa, kara siriri. Tana riga hatsi fid da kai. Kan nan ɗan siriri ne mai gashi, ƙwayar ƙanana, kuma da ta nuna sai ta zube ƙasa, ba ta jiran mai girbi. Wannan duk da sauƙi. Mugun abin shi ne bununi, garin nan rawaya da ke tashi daga zangarniya in iska ta kaɗa. In bununin shibra ya sauka a kan hatsin iri, zangarniyar ba za ta nuna maka komai ba. Za ka yanke ta kyakkyawa, ka ajiye, ka shuka baɗi, sannan ka ga abin da ka ajiye.

Wurin kawuna Makau na koya, ƙanen uwata, a ƙauyenmu arewa da Takanamat. Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: ƴar wuƙa, damin kaba da ya tsattsaga, toka, da tuluna masu ƙaramin baki. Kafin girbi yakan bi gona kunya-kunya, duk zangarniyar da ta yi masa sai ya ɗaura mata kaba, kada masu girbi su haɗa ta da ta ci. Ranar da ya fara sa ni zaɓe, na je na yanko wadda ta fi kowace girma a gonar, doguwa kamar hannuna, na kawo ina taƙama. Ya karɓa, ya juya ta, ya maka mini ita a ƙeya.

"Ina ka ɗauko wagga?"

Na nuna masa.

"Nan shanun Hilani sunka kwana da rani, ɗan banza. Girmanta na kashin shanu na. Taki ba a gadonshi. Tahi inda ƙasa ta mutu, ka ɗauko min wadda ta yi ƙoƙari can."

Daga wannan ƙeyar na fara. Ba zangarniya kaɗai ake dubawa ba. A duba tsiron duka, a duba maƙwabtansa, a tuna yaushe ya yi ciki, a murza ƙwaya a ciza a ji ko tana ƙas. Sannan a shanya, a haɗa da toka, a zuba a tulu, a liƙe bakin da laka. Da ruwan farko ya sauka mutane sai su cika ƙofar gida. Akwai mai zuwa da hatsin ci ya musanya, shi ne mutumin kirki. Akwai mai karɓar iri ya kai wa matarsa ta dama fura, bayan sati ya dawo ya ce bai tsiro ba. Buzayen da suka zauna noma su kam magana ɗaya suka sani: a ba su mai sauri, don ruwansu ba ya daɗewa.

Wani Anasara ne ya kawo ni Tawa, tun ba a sami mulkin kai ba. Mai Lofe muke ce masa, don lofen ba ya barin bakinsa ko da babu taba a ciki. Tsoho ne, ya daɗe a ƙasar nan, yana jin Hausa. Wurinsa na ga aikin jakar takarda. Zangarniya tana leƙowa daga ciki za ka rufe ta da jaka ka ɗaure, kada bununin kowa ya taɓa ta. Sannan ka karkaɗo bununin wadda ka zaɓa, ka buɗe, ka zuba, ka sake rufewa. Tsiro bayan tsiro, cikin rana, ƙaiƙayi na cin wuya. Iska ta yage jaka, aikin wannan kai ya tashi a banza. Da irin kawu Makau muka fara. Muna son hatsi mai nuna da wuri don arewa, mai kai a matse, wanda ba ya zubewa. Shekara goma da wani abu muna wannan. Kowace damina abin da za ka ƙaru da shi bai kai faɗin farce ba. Wata shekarar ma ka koma baya. Amma a ƙarshe mun same shi: gajeren kara, kai cike kamar taɓarya, yana nuna tun hatsin mutane na ciki.

Bayan mulkin kai aka kawo mana Mushe Salifu (Mushe shi ne Malam na masu faransanci), ɗan nan Tawa, saurayi, ya yi karatun noma a ƙasar waje. Ba rago ba ne, wannan zan faɗa. Yana shiga gona da mu, yana ɗaura jaka. Shi da Mai Lofe suna girmama juna, amma akwai gardama ɗaya da ba ta mutuwa tsakaninsu.

A kan dutse ta fara. Muna hanyar arewa cikin motar sarwis, ta wurin aikinmu, taya ta fashe kusa da wani kwazazzabo inda ruwa ya yanke tudu a tsaye. Direba na fama, Salifu ya gangara, ya dawo da hularsa cike da katantanwar nan da ta zama dutse. Duk ɗan ƙasarmu ta Adar ya san su, muna yara da su muke dara. Ya ce da can wurin nan duk teku ne. Na ce to. Ya ja mu zuwa bangon kwazazzabon, ya sa yatsa.

"Ku duba. Daga gwiwa har ƙirji, iri ɗaya ce, sumul, ba ta sake ba. Daga nan sama kuma wata ce, mai zane a baya. Ina ta tsakiya? Babu. Halitta takan zauna yadda take zamani mai tsawo. Sai masifa ta zo, yawancinta ya mutu, ƴan kaɗan su saura a wani lungu. Daga waɗannan kaɗan ɗin kama take sakewa, kuma da sauri."

Mai Lofe ya ciro lofen ya ƙwanƙwasa dutsen da shi. "Ni ban taɓa ganin abu mai rai ya yi tsalle ba, yaro. Ɗa yana bambanta da uba da ƙwayar yashi, jika ya ƙara ƙwaya. Haka har tudu ya taru. Ta tsakiyar da kake nema ta rayu, ta mutu, ruwa ya tafi da ita."

"Kullum in ba ku da shaida sai ku ce ruwa ya tafi da ita."

"Kai kuma tsallen naka, ka san zamani nawa ke kwance cikin kaurin yatsan nan da ka ɗora? Tambayi Nomau. Nomau, hatsinka tsalle ya yi?"

Na ce a'a, rarrafe ya yi, har gwiwata ta shaida.

Salifu ya yi dariya. "Don kun ɗaure masa kai da takarda ne, Malam Nomau. Wa ya ɗaure wa na daji?"

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, a mota, a inuwa, a kan abinci, rabi faransanci rabi Hausa. Sun ce can ƙasashensu na karatu ma manyan malamai ba su daidaita ba. Ni ba na sa baki. Na san Allah ne ya halicci hatsi da katantanwa. Na san kuma hatsin da kakana ya ci ba shi ne ke cikin tuluna ba, tunda da hannuna na sake shi. Yadda za a haɗa biyun, wannan sai malamai.

Sai umarni ya zo daga sama a yawaita irin a raba wa arewa. Gonar gwaji ta yi kaɗan, aka ce a nemi babbar gona can inda za a shuka shi. Aka zaɓi ƙauyenmu don ni ɗan gari ne. Maigari ya ba da gona mai kyau a bakin fadama, aka yi alkawari garin zai fara samun rabo. Na ɗauki irin na tafi, aka rage gwangwani biyu a mangaza, ɗakin ajiyarmu na Tawa.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, rumbuna sun yi ƙasa tun bazara. Ruwan farko ya sauka, muka shuka, ya tsiro, sama ta ɗauke. Tsiron ya ƙone har ƙasa. Na dawo Tawa na ɗauki gwangwani ɗaya muka sake shuka. Ɗayan da ya rage, mutane suka yi cincirindo a bakin mangaza suna neman abin sake shuka, aka ba da umarni a raba duk abin da ke ciki. Mai rabo bai san iri daga abinci ba. Ya tafi cikin buhunan mutane, ya gauraye, wani ma an daka shi a ranar. Ku riƙe wannan da kyau: daga nan, aikin shekara goma da wani abu ba shi ko'ina a duniya sai cikin gonar nan guda ta bakin fadama.

Shuka ta biyu ta kama. Amma gonar tsohuwa ce, shibra ta shekara da shekaru tana zuba ƙwaya a cikinta, ga ta daji cike da fadamar. Ta fito tsakanin ramuka kamar an watsa. A shekarar lafiya hauya ce ke sare yawancinta wajen noma. A wannan shekarar na lura masu noman suna kauce mata. Hauya ta zo gindinta sai ta karkace. Na yi faɗa, suka ce to, suka ci gaba da kaucewa. Na san dalili. A ƙasarmu shibra ta mata ce. Ko a gonar wa ta fito, mace na da ikon shiga ta karya kanta, mai gona ba ya hanawa, don ita ce ke nuna a lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai zo ba. Tun kakanni haka yake. Kawuna ma a gonarsa ta ci yakan bar musu, gonar iri kaɗai yake tsarewa, ita kuwa ƴar ƙarama ce a bayan gida, ba wanda ya damu. Ni kuwa gonar irin tawa ita ce babbar gonar garin.

Lokacin mutane sun koma ga anza. Kun san anza? Ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa ana zubar da ruwan, ana sake jiƙawa, kafin su ciwu. Yara ciki ya kumbura, ƙafa kamar kara.

Da na ga shibra ta fara ciki, na ce yau ko gobe, in ta yi bununi an gama. Da safe na shiga ni kaɗai na fara tugewa. Ban yi nisa ba na ɗaga kai na ga mata tsaye cikin kunyoyi. Ba hayaniya. Kowace ta tsaya gaban tsiro. Wadda ke gabana yayata ce, Dije, uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya tafi cin rani kudu bai dawo ba, ƴaƴa uku, ƙaramar a bayanta.

"Nomau, aje hannunka."

"Yaya, wagga gonar iri ta. In ta yi bununi ta ɓata shi duka."

"Shibra tamu ta. Ba kai ka ba mu ba, ba Anasaranka ya ba mu ba."

"Ku yi haƙuri kaɗan. Hatsin ga mai sauri na, shina tahe. In ya tsira, baɗi da baɗin waccan ba ku ƙara cin anza."

"Baɗi." Ta kwance goyon ta juyo da yarinyar ta miƙo mini ita. Kan yarinyar ya langaɓe. "Gaya mata baɗi. Ni ta gaji da jin bakina."

Na ce to a karya kawunan tun yanzu kafin bununi. Wata tsohuwa ta ce, "Mu karya mu ci mi, iska? Sai ta yi bununi taka yin ƙwaya, kai da kanka ka sani." Na sani.

Na tafi wurin Maigari. Yana zaune a zaure, shi ma wuyansa ya zama igiya. Na ce gonar gwamnati ce, shi ya yi alkawari.

"Gona na ba gwamnati, Malam Nomau. Shibra ban ba da ta ba, don ba tawa ba ta. In ka iya ture iyayenka mata ka wuce, tahi ka ture. Ni ba ni aika maka ko mutum guda."

Na nemi jakar takarda in rufe kawunan iri. Ɗan abin da na zo da shi bai rufe ko kusurwar gona ba, ruwa da iska suka yayyage rabi. Na aika Tawa a ƙaro jaka, kafin saƙo ya je ya dawo shibra ta yi rawaya. Ina tsaye a bakin gona da hantsi, iska ta taso daga fadama, na ga garin yana tashi yana bin kunyoyi. Hatsinmu na farko-farko a lokacin ya fid da kai, fari tas, a buɗe.

Mata suka karya shibrarsu, suka murza, suka yi kunu. Sannan ruwa ya ɗauke gaba ɗaya, tun da sauran damina. Duk hatsin da ya makara ya bushe a tsaye babu ƙwaya. Abin da ya nuna a gonar nan shi ne na farko-farkon nan, wanda ya buɗe daidai da bununin shibra. Shi na ɗaura wa kaba, don babu wani. Abu ɗaya zan faɗa a kan mutanen garinmu: suna cin anza, zangarniyun nan masu kaba suna tsaye a gabansu har suka bushe, ba a karya ko ɗaya ba. Shibra tasu ce, sun ɗauka. Iri ba nasu ba ne, ba su taɓa ba.

Ƙaramar ƴar Dije ta rasu kafin girbi. Manyan biyu sun rayu. Ko shibra ce ta riƙe su ko anza, ban sani ba.

Zangarniyun da na kawo Tawa kyawawa ne, cike, a matse. Mushe Salifu ya ce wataƙila mun tsira. Aka ba garinmu rabonsu yadda aka yi alkawari, muka shuka saura a nan. Da damina ta yi nisa na shafa ganye na ji gashi. Kunya bayan kunya. Da suka fid da kai, fiye da rabi siriri ne mai gashi, ka taɓa shi ƙwaya ta zubo a tafin hannunka.

Salifu da Mai Lofe suka zo suka tsaya a bakin gonar. Salifu ya murza kai ɗaya, ya daɗe yana kallon hannunsa. Ba murna a muryarsa.

"Damina ɗaya. Kaɗan suka saura, ga abin da ya fito."

"Wannan ba shi ne muke gardama a kai ba," in ji Mai Lofe. "Ba sabon abu aka yi ba. Tsohon jinin daji ne ya shigo ta ƙofa. Katantanwarka ba ta da ƴar'uwa a fadama."

"Wa ya gaya maka ba ta da ita?"

"To, ka nuna mini ita a dutsen."

"Sai in ce maka ruwa ya tafi da ita."

Suka ɗan yi murmushi, suka koma faransanci. Ban ga laifinsu ba, kowa da abin da ke cin ransa. Na bari sun numfasa na tambayi abin da ya shafe ni: ana iya dawo da shi? A nan kam bakinsu ya zo ɗaya. Ana iya tsamo masu kama da hatsi cikin jikokin, a rufe, a zaɓa, a zubar da saura. Siffar za ta dawo da wuri. Amma wancan da muka yi, da saurinsa da cikarsa a haɗe, sai an sake bin hanyar tun daga ƙasa, kuma ba tabbas. Mai Lofe ya ce shi ba zai gani ba. Bai gani ba kuwa, rani na zagayowa ya koma ƙasarsu. Salifu an ɗauke shi zuwa biro, aikin ofis, a babban birni. Har suka rabu ba wanda ya sallama wa wani, ni kuma har yau ban san mai gaskiya ba. Shekarun da suke magana a kai ba irin nawa ba ne.

A garinmu ba su da wani iri, wannan ɗin suka shuka, shi suke shukawa har yanzu. Yana zubewa, sai an girbe shi da ɗanye-ɗanye, dami ba nauyi. Amma yana riga kowa nuna, mata suna son shi. Ya bazu har wajen Tebaram. Kun san sunan da suka sa masa? Ɗan Nomau. Shekara goma da wani abu ina gyara hatsi, wanda ya ɗauki sunana shi ne mai gashin. Bana ma Dije ta aiko mini da tumunsa, sabon gasawa, a ƙunshe cikin tsumma. Na ci.

Kunyoyin da ke bayan rijiya, waɗanda aka kewaye da ƙaya, su ne abin da na tsamo. Damina ta uku ke nan. Har yanzu jinin yana ɓullowa, nan ɗaya, can biyu, kuma sun fara ciki. Gobe da safe kowa zai ɗauki kunya, a sunkuye, a shafa ganye ɗaya-ɗaya, ni ina biye. Mai agogo, kai ne a gabana. Wanda ya gaji ya faɗa, in sallame shi ya koma inuwa. Amma kada wani ya tsallake tsiro ya ce bai gani ba. Waɗanda suka bar shibra ta yi bununi a gonata, da yaro a baya suka tsaya, ciki babu komai. Ku kun karya kumallo.